Fuska Ɗaya Muke Nema, Ko Hali Ɗaya?

Yau zancen kayan aiki na zo da shi, domin na'ura ta riga ta zama alƙalamin yawancinmu, kuma duk abin da ya taɓa alƙalami sai ya taɓa rubutu.

Tun da kwamfutar hannu, wadda muke kira tab, ta shigo kasuwa da ƙarfinta, akwai wata buƙata da masu saye suke ta nanata wa kamfanoni: abin da na gani a kwamfutar tebur, shi nake son in gani a tab, kada a sa ni koyon abu ɗaya sau biyu. Mu ma muna faɗin haka da namu bakin. Wanda ya saba taifin da yatsa a gilashi, ranar da ya zauna gaban kwamfuta a shagon buga takardu sai ya koma ɗan koyo, yana laluben inda ake adana aiki. Wanda kuma ya tashi da kwamfuta, idan aka miƙa masa tab sai ya rubuta shafi biyar, ya rasa ramin da fayil ɗin ya faɗa. Kowanne cikinsu zai ce maka da ma a mayar da su iri ɗaya a huta.

Ni ina ganin buƙatar gaskiya ce, amma sunan da aka raɗa mata ba nata ba ne. Kuma akwai kamfanin da ya ɗauki maganar yadda aka furta ta, ya aiwatar, ya sha da ƙyar.

A watan Janairun 2010 Steve Jobs ya nuna wa duniya iPad, kafin wani lokaci mutane sun yi ca a kanta. Microsoft, wanda manhajarsa ta Windows ke kan mafi yawan kwamfutocin duniya, ya ga in ya yi sake kasuwa za ta tashi ta bar shi. Sai ya yanke wata shawara da a takarda ba ta da aibu ko kaɗan: a gina manhaja guda mai fuska guda, ta hau kwamfutar tebur, ta hau ta tafi-da-gidanka, ta hau tab. Ranar 26 ga Oktoban 2012 Windows 8 ta fito. Mutum ya kunna kwamfutarsa, maimakon teburin da ya saba gani sai ya tarar da manya-manyan akwatuna masu launi sun cika gilashin, waɗanda aka yi su domin yatsa ya taɓa, alhali shi linzami ne a hannunsa. Maɓallin Start, wanda ke zaune a kusurwar hagu ta ƙasa tun Windows 95, shekara 17 cur, an ɗauke shi. Kashe kwamfutar ma sai da ya zama abin tambayar maƙwabci: ka kai linzami can kusurwar dama, wani ɓoyayyen shafi ya leƙo, ka shiga wurin saituna, a nan ne za ka ga inda ake kashewa.

Abin dariyar shi ne, tsohon teburin bai mutu ba, an dai mayar da shi kamar ɗakin baya da sai an ratsa falo ake shigarsa. Har manhajar shiga intanet ta Internet Explorer sai da ta zama biyu a na'ura ɗaya, ɗaya ta yatsa, ɗaya ta linzami, kowacce da nata tsarin. An fita neman fuska ɗaya ga na'urori biyu, an dawo da fuska biyu a na'ura ɗaya. Jakob Nielsen, masanin da ya yi suna wajen gwada sauƙin amfani da manhajoji, ya zaunar da mutane suka gwada ta, ya kuma rubuta a Nuwamban 2012 cewa tunda sababbin manhajojin taga ɗaya suke buɗewa ta mamaye gilashi, ya kamata a sauya sunan daga jam'i zuwa tilo. Windows dai tagogi take nufi. Marubuci ya fi kowa fahimtar zafin wannan ba'a, domin aikinmu na taga biyu ne ko uku: labari a nan, ƙamus ko bincike a can, ga kuma babin da ya gabata a gefe don kada Hajiya da ta rasu a babi na 4 ta dawo tana rabon goro a babi na 9.

Mutane ba su tsaya ƙorafi kawai ba. Wasu sun riƙa biyan kusan dala 5 suna sayen wata 'yar manhaja mai suna Start8 domin ta dawo masu da maɓallin da a da kyauta suke samunsa. Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin ƙasa da mako uku bayan fitowar manhajar. A Oktoban 2013 Windows 8.1 ta dawo da maɓallin, a Yulin 2015 kuma Windows 10 ta dawo da jerin Start ɗin gaba ɗaya, ta ware wa tab nata yanayin daban, wanda take komawa idan an cire kibod.

Me ya hana abin tafiya? Jiki ne ya hana, ba taurin kan mutane ba. Tsinin linzami yana iya sauka a kan ɗigo guda, ya shiga tsakanin harafi da harafi. Yatsa kuwa faffaɗa ne, shi ya sa Google ke shawartar masu gina manhaja da kada abin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Idan ka yi wa linzami maɓallai masu girman yatsa, ka ɓarnatar da fili, mai babban gilashi ya koma kamar wanda aka ba littafin 'yan aji ɗaya. Idan ka yi wa yatsa maɓallai masu ƙanƙantar tsinin linzami, zai nufi adanawa ya taɓa gogewa. Ga kuma zama: mai kwamfutar tebur hannunsa a kwance yake a kan tebur, gilashi na tsaye nesa da shi, mai tab kuwa a cinya take ko a tafin hannu. Tun Oktoban 2010 Jobs ya ce sun gwada gilashin taɓawa a tsaye, hannu gajiya yake yi. Duk wanda ya taɓa rubutu a allon aji na minti goma ba sai an yi masa bayani ba.

Amma darasin da ya fi damuna a wannan tarihin na wata na'ura ce da ta fito rana ɗaya da Windows 8, wato Surface RT. Idan ka kunna ta, fuskarta ba ta da maraba da ta Windows 8, har da teburin a ciki. Mai saye ya ga haka ya ce alhamdulillahi, ga kwamfuta a siffar tab. Sai ya je gida ya tashi saka manhajojin da ya saba aiki da su a kwamfutarsa, su ƙi hawa, domin injin da ke cikinta wani iri ne daban. Kama da wane ba ta wane. A Yulin 2013 Microsoft ya bayyana asarar kimanin dala miliyan 900 a kan waɗanda suka yi kwantai. Wannan na'ura ta bai wa mai saye ainihin abin da bakinsa ya roƙa, fuska iri ɗaya, ta hana shi abin da zuciyarsa ke nufi, wato aikinsa ya bi shi duk inda ya je.

Ba Microsoft kaɗai ya yi wannan mafarkin ba. Kamfanin Canonical mai manhajar Ubuntu ya shafe shekaru yana neman fuska guda ga waya da tab da kwamfuta, a 2013 har ya nemi jama'a su tara masa dala miliyan 32 don ƙera wayar da za ta zama kwamfuta idan an jona ta da babban gilashi. Abin da aka yi alkawari bai kai miliyan 13 ba, kuma a Afrilun 2017 ya sanar da ajiye aikin baki ɗaya.

To sai wani ya ce, ashe Apple ne mai gaskiya, tunda shi tun farko ya ƙi haɗawa. Lallai a Afrilun 2012 Tim Cook ya yi shaguɓen cewa ana iya haɗa firji da na'urar gasa burodi su zama abu ɗaya, amma da wuya mai amfani ya ji daɗinsu. A 2018 ma, a babban taron kamfanin, an haska kalmar a'a da manyan haruffa a matsayin amsa ga masu tambayar ko za a haɗe manhajar Mac da ta iPad. Sai dai a duba abin da ya yi a aikace. Shekara bakwai mai iPad ba shi da wurin da zai buɗe ya ga fayilolinsa a jere, sai a 2017 aka ba shi. Sai a 2019 ya iya soka filashi ya kwashi aiki kai tsaye. Sai a Maris na 2020 aka ba shi cikakken linzami. A 2021 aka saka wa iPad Pro injin M1, irin wanda ke cikin Mac. A 2025 kuma aka ba iPad tagogi da ake ja a faɗaɗa a jera, har da layin umarni a sama irin na Mac. Wanda ya ce ba zai je kasuwa ba, ga shi har ya kai bakin rumfa, a hankali dai ya tako. Ni a ganina jinkirin ma ba na kishin mai saye ba ne zalla, domin kamfanin da ke sayar da na'urori biyu ba zai yi gaggawar sa ɗaya ta wadatar ba.

Idan aka ɗora labaran nan biyu a kan juna, abin da ya rage a tsakiya shi ne ainihin buƙatar. Mutane sun tilasta wa Microsoft ya raba fuskokin da ya haɗa, sun kuma tilasta wa Apple ya kawo fayil da linzami da tagogi inda ya ce ba a buƙatarsu. Kenan hali suke nema ya zama ɗaya. In na adana abu, in san inda yake. In na danna Ctrl da C a kibod ɗin kwamfuta ya kwafa, to kibod ɗin da na jona wa tab ma ya yi hakan. In na buɗe rubutuna a wata na'urar, sakin layi ya tsaya inda na bar shi. Ranar da Microsoft ya saki Word na iPad a Maris na 2014, ba kwafin fuskar ta kwamfuta ya yi ba, an rage maɓallai an ƙara masu girma, amma takardar da ka fara a ofis ita ce kake ƙarasawa a gado. A ganina wannan ya fi kusa da biyan buƙatar mutane fiye da duk akwatunan Windows 8.

Direbobi sun daɗe da sanin wannan. Gaban Golf daban, gaban tsohuwar Peugeot daban, na tirela kuwa ba a magana, amma kuloci na hagu, birki na tsakiya, totur na dama, shi ya sa direba ke sauka daga wannan ya hau waccan ba tare da ya koma makaranta ba. Ba wanda ya taɓa cewa a saka wa babur sitiyarin mota don su zama iri ɗaya. Jerin haruffan kibod ma haka ne, tun keken rubutu na shekarun 1870 yake nan, ya ratsa tafireta ya shiga kwamfuta ya sauka a gilashin waya, domin abin da yatsu suka haddace ya fi abin da ido ya gani wuyar sauyawa.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa, domin muna da wani rashin daidaito da Bature bai san da shi ba. Haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. A waya ko tab, idan ka saka Hausa a kibod, samun su ba wuya, ka danna harafin ka ɗan riƙe, mai ƙugiyar ya leƙo. A kwamfuta kuwa babu su a jikin maɓallai, sai an shiga an ƙara Hausa cikin harsunan kibod, sannan a koyi haɗin maɓallan da ke fito da su. Sau nawa ka tarar an yi wannan a kwamfutar shago ko ta makaranta? Sakamakon haka, marubucin da ke kiyaye ƙa'ida a tab, da ya koma kwamfuta sai ya saki, littafi ɗaya ya fito rabi da ƙugiya rabi babu. Ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, mai karatu ya yi ta cike gurbi da kansa. Kuma idan ka tashi neman wata kalma a cikin rubutun domin gyara, na'ura ba ta san ƙara da kara 'yan gida ɗaya ba ne a wurinka, za ta kawo maka rabi ta bar rabi.

Manyanmu sun yi maganin wannan a zamaninsu da salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, kuma ya yi wa ɗab'in Hausa hidimar da ba za a manta ba. Dabarar ita ce a ari wasu maɓallan da ba a cika amfani da su ba, a sa su fito da siffar harafi mai ƙugiya. Matuƙar salon yana kan kwamfutar, komai lafiya. Amma da zarar fayil ɗin ya je na'urar da ba ta da shi, sai asiri ya tonu, ka ga an rubuta }asa a madadin ƙasa, ]an a madadin ɗan. Duk wanda ya taɓa karanta tsofaffin maƙalun Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan. Tab da waya ba sa karɓar baƙon salon haruffa cikin sauƙi kamar kwamfuta, saboda haka rubutun da aka yi ta wannan hanya a can ya fi lalacewa. Tsarin Unicode ne ya kawo mafita, domin ya bai wa kowane harafi lambarsa ta kansa, ƙ tana nan a ƙ ko a wace na'ura aka buɗe ta. Ga misali ƙarara na abin da nake faɗa: a ido, ƙ ta tsohuwar dabara da ƙ ta Unicode fuskarsu ɗaya, amma ɗaya ce kawai ke iya tafiya.

Har 'yar waƙafin sama da muke sawa a 'ya'ya da sana'a ba ta tsira ba. Wata manhajar miƙaƙƙiya take sawa, wata ta lanƙwasa ta, wata ma ta juya ta baibai idan ta zo a farkon kalma, tana zaton zance za ka buɗe. Rubutun da ya bi ta na'ura uku sai ka same shi da iri uku, mai tsara shafi a maɗaba'a ya yi ta tsinta ɗaya bayan ɗaya, ko kuma, wanda ya fi yawa, ya bar su haka nan.

Na san akwai masu cewa duk wannan sabo ne kawai, sabo kuwa turken wawa, da an yi haƙuri da Windows 8 da an saba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Windows 11 ta zo a 2021 ta matsar da Start zuwa tsakiya, an yi 'yan gunaguni, an wuce, duk da cewa ta bar wa mai so damar mayar da shi hagu. Kuma yaron da ya fara da gilashin taɓawa bai ɗauki jerin Start a bakin komai ba. Amma sabon ma'aikaci jari ne. Mai taifin da yatsunsa suka haddace hanya, duk sauyin da ya sa shi tsayawa ya duba, daga lokacinsa aka ɗiba, kuma ba kamfanin ne zai biya shi ba. Ga marubuci abin ya fi haka, domin jimlar da ke kan harshenka ba ta jiran ka gama neman maɓalli. Wanda zai karɓe maka sabo, sai ya ba ka abin da ya fi shi, su kuwa akwatunan nan ba su ƙara wa mai linzami komai ba.

Akwai kuma masu cewa ai mu wannan gardamar masu hali ce, wanda ke da na'ura ɗaya tal ina ruwansa da daidaito tsakanin biyu. Ni kuwa ina ganin shi abin ya fi shafa. Mai kwamfuta da tab da waya, in wannan ta ƙi sai ya koma waccan. Wanda ya tara kuɗinsa wata da watanni ya sayi guda ɗaya, dole rubutunsa ya fita daga hannunsa ya je kwamfutar wani: ta mai gyara, ta mai tsara shafi, ta alƙalan gasa da suka ce a turo a fayil ɗin Word. A wannan ƙetarawar ce ake asara. Kuma shi ne mai shago ya fi saurin ruɗa, a jona wa tab kibod a jingine ta a kan tebur, a ce masa ai wannan kwamfuta ce, har ta fi.

Saboda haka duk wanda a cikinmu ke shirin sayen tab domin rubutu, kada ya tsaya kallon ko fuskarta ta yi kama da ta kwamfuta. Ya roƙi mai shago minti goma. Ya jona kibod ɗin da zai riƙa aiki da shi, ya gwada fitar da ƙ da ɗ da ɓ daga jikinsa, domin sau da yawa dabarar danna-ka-riƙe ta gilashi ba ta aiki a kibod na waje, kuma gara ya san haka kafin ya biya. Ya rubuta sakin layi biyu, ya adana, ya rufe, ya ga ko zai iya gano fayil ɗin da kansa ba tare da ya buɗe manhajar da ya yi rubutun ba. Ya tura shi kwamfutar da ke shagon, ya buɗe, ya duba ko ƙugiyoyin sun iso lafiya. In zai yiwu ya buɗe fayil mai shafi 200, ba mai shafi biyu ba, domin a nan ne ƙaramar na'ura ke nuna gajiyarta, ya kuma duba ko tana nuna gyare-gyaren da edita ya yi a gefen shafi. Ya gwada buɗe abu biyu gefe da gefe. Wasu na Samsung suna da tsarin DeX, wanda kamfanin ya fara a 2017, mai juya fuskar ta koma ta tagogi idan ana son aikin tebur, amma ba kowace tab ɗinsu ke da shi ba, sai an tambaya an kuma gani da ido.

Masu rubutu da tab da kibod na waje a cikinmu, ina son jin yadda kuke fitar da haruffa masu ƙugiya, da sunan na'urar da kuma manhajar da kuke amfani da ita. In muka tara amsoshin wuri ɗaya, wanda zai shiga kasuwa a wata mai zuwa ya san abin da zai gwada tun kafin ya zaro kuɗinsa.